Kafireta ko injekta: wanne ya dace da tsohuwar akori-kura?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin mai ya ƙare, lissafin duk mai akori-kura a Kaduna ya sauya. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Motar da a da ake cewa "tana ɗan sha" a wuce wurin, yanzu ita ke cinye ribar lodi tun kafin a sauke kaya. Shi ya sa in ka zauna a gareji a Panteka ko Kakuri za ka ji mutane iri biyu suna neman shawara. Na farko motarsa mai kafireta ce, an ce masa in ya mayar da ita injekta shan mai zai ragu. Na biyu tasa mai injekta ce, ta fara gardama, bakanike ya ce masa: "Alhaji, a cire wannan tarkacen a ɗora maka kafireta, ka huta da wahala." Dukansu biyun suna gab da kashe kuɗi masu nauyi, kuma sau da yawa ba a yi musu bayanin abin da za su saya da kuɗin ba.

Maganar nan ta masu injin fetur ce kawai. Hilux mai gas, irin masu injin 2L da 3L da 5L, ba ta da kafireta tun asali, don haka mai ita ba ya cikin wannan ruɗani.

Injin fetur abu guda yake nema a wurin kafireta ko injekta: a haɗa masa iska da mai a kan ma'auni. In ana so man ya ƙone ƙurmus, kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska. Mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi da baƙin fulogi da asarar kuɗi. Mai ya yi kaɗan, sai inji ya riƙa zafi, yana ƙwanƙwasa, ƙarshe bawul ya ƙone. Wahalar ita ce ma'aunin da inji ke so ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da sanyin asuba yana son mai da yawa. A kan shimfiɗaɗɗen titi babu kaya yana son kaɗan. In aka ɗora buhunan masara daga Saminaka aka fuskanci hawa, yana son ƙari nan take.

Kafireta tana wannan aiki ne ba tare da ko ɗigon lantarki ba. Wanda ya san famfon fesa maganin sauro irin na da, mai gwangwani a ƙasa, ya riga ya san sirrinta: iska mai gudu in ta wuce ta bakin siririn bututu, tana tsotso ruwan da ke ƙasa ta watsa shi. A cikin kafireta akwai wuri mai matsatsin wuya inda iskar da inji ke ja take ƙara gudu, sai ta tsotso fetur ta wani ɗan rami da aka auna faɗinsa, wato jet. Man yana taruwa ne a wata 'yar tasa mai fulot da allura, in ta cika allurar ta toshe, in ta ragu ta buɗe. Akwai hanya ta daban don silo, wato juyawar inji a hankali ba a taka totur ba, akwai ɗan famfon da ke tsarta mai in an taka totur da sauri, akwai cok na tayar da inji da sanyi. Duk ramuka ne da sifirin da 'yan ƙarafa. Fasaha ce mai ban sha'awa, kuma ina ganin duk wanda ya taɓa kwance ta ya ga yadda aka ƙera ta dole ya girmama masu tunanin. Sai dai ba ta ji, ba ta gani. Yadda aka saita ta haka za ta yi ta bayarwa, ko yanayi ya canza ko bai canza ba.

Ga misali na kusa. Kaduna tana kan tudun da ya kai kusan mita 600 daga saman teku, Jos kuwa kusan 1,200. Iskar Jos ta fi ta Kaduna sirantaka, amma kafiretar da aka saita a Kawo ba ta san an hau dutse ba, man da ta saba bayarwa shi za ta bayar, sai haɗin ya yi nauyi, mota ta ƙara sha ta rage ja. Haka da hunturu, safiya sai da cok da lallashi. Da bazara kuma, a cunkoson rana tsaka, zafin inji yana tafasa man da ke cikin tasar, ka kashe mota ka shiga shago ka fito ta ƙi tashi sai ka danne totur har ƙasa.

Injekta an yi ta ne don magance wannan makanta. Famfon lantarki, galibi a cikin tanki, yana turo mai da ƙarfi zuwa nozul, kowace silinda da nata. Ƙwaƙwalwar inji, wadda kanikawa ke kira birenbos, tana karɓar rahoto daga wurare da dama: yawan iskar da ke shiga, zafin ruwan inji, inda totur yake, gudun juyawar inji, da kuma sensar da ke salansa mai sunsunar hayaƙi ta faɗa ko man ya ƙone daidai. Da wannan rahoto take yanke tsawon lokacin da kowane nozul zai buɗe, lokacin da bai wuce 'yan kasoshi cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma tana sake lissafin a kai a kai muddin inji na juyawa. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Bosch ya sa irin wannan tsari na lantarki a Volkswagen 1600 tun 1967. Peugeot ma ta sayar da 404 da 504 masu injektar ƙarfe ta Kugelfischer a Turai tun shekarun 1960. Abin da ya kashe kasuwar kafireta a can shi ne dokar hayaƙi. Na'urar tace hayaƙi ta zamani ba ta aiki sosai sai haɗin ya tsaya daf da 14.7, kuma kafireta ba ta iya riƙe shi a wurin. Da dokar Euro 1 ta kankama a 1992 da 1993, sai sababbin motocin Turai suka koma injekta kusan gaba ɗaya, Amurka ma a daidai wannan zamani ta sallami kafireta.

Don haka in tambayar ita ce wanne ya fi iya auna mai, babu gardama, injekta ce. Tashi da safe, silo mai natsuwa, ja a kan hawa, tsabtar hayaƙi, duk ta fi. Har tsawon ran inji tana taimakawa, don man da ya yi yawa yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara cikin kwanon baƙin mai ya tsinka shi, ringi su ci da wuri. Da yawa daga injinan da ake cewa sun tsufa, kafireta mai ambaliya ce ta tsufar da su.

Amma mai akori-kura ba wannan tambaya yake yi ba. Shi motarsa tana nan a ƙofar gida, da injinta, da shekarunta, da hanyar da take bi.

A nan dole a yi wa kafireta adalci, musamman a garin nan. Kamfanin Peugeot na Kakuri ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can har wajen 2006, bayan Faransa ta daɗe da daina ƙera ta. Wannan ya bar wa Kaduna gadon da kuɗi ba sa saya: kanikawa masu furfura waɗanda suka san kafiretar Solex ciki da bai, da yaransu, da yaran yaransu. Haka kafiretar Aisan da ke kan Hilux mai injin 22R ko 3Y ko 4Y. Motar da ke shiga ƙauyukan Giwa da Soba da kaka, ko ta gangara Kachia ɗauko citta, in ta tsaya a daji direba da sukurdireba da fulaya zai iya kwance saman kafireta, ya hure jet, ya mayar, ya kama hanya. Batir ya yi sanyi, a tura ta tashi, don famfon manta na ƙarfe ne, inji ke kaɗa shi, kwayil mai ba fulogi wuta kaɗai ke neman 'yar wuta. Mai injekta in batir ya mutu murus, turi ba ya tayar da ita, saboda famfo da ƙwaƙwalwa duk wuta suke jira.

Sai batun ingancin mai. Duk wanda ya taɓa sayen galan a hannun 'yan bumburutu ya san abin da kan biyo: ruwa, ƙasa, wani lokaci gaurayen kananzir. Ko a gidajen mai ma, ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Beljiyam, motoci suka lalace, layin mai ya dawo. Kafireta takan haɗiye ƙazamin mai ta yi tari ta ci gaba, in ta toshe a wanke. Ramin nozul kuwa ya fi na jet ƙanƙanta nesa ba kusa ba, famfon lantarki kuma ba ya jure tsatsa da laka. Akwai kuma ɗabi'ar da tsadar mai ta jawo, ta zuba na dubu uku a yi ta yawo allura na kwance. Famfon da ke cikin tanki da man yake shan sanyi, kuma tanki in ya kusa ƙarewa dattin ƙasa yake zuƙa. Mai injektar da ke tafiya kullum da busasshen tanki zai riƙa sayen famfo.

To wannan shi ne hujjar masu cewa a cire injekta? A ganina a'a, kuma nan ne na fi jin takaici. Mafi yawan injektar da ake yanke wa hukunci a garejojinmu lafiyarta ƙalau, hannu ne ya ɓata ta. Ɗauki abu guda da kusan kowa ya taɓa gani. Mota ta shigo daga Kwatano, abu na farko sai a cire tamostat, abin da ke tsare ruwan inji har ya kai zafin aiki, a jefar, a ce na ƙasar sanyi ne, a ɗaure fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Inji ya daina kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. Sensar zafin ruwa ta riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa cewa har yanzu da sanyi, ita kuma ta yi ta ƙara mai kamar an ja cok an manta. Wata biyu mai mota ya dawo yana kukan sha, sai a ce ai injekta ce ba ta son ƙasarmu. Haka mai walda zai kama aiki a bodi bai cire kan batir ba. Haka wani zai zare kan batir inji na aiki don ya gwada caji, dabarar da ta dace da motocin da, amma tana iya ƙona ƙwaƙwalwa. Haka mai wankin inji zai saita ruwa mai ƙarfi a kan soket. Sensar salansa ta mutu shekara da shekaru ba wanda ya duba, an ma cire ƙwan da ke kunna gargaɗi a dashbod don kada ya dami direba.

Kuma tsofaffin injekta ba su da wuyar bincike kamar yadda ake tsoratar da mutane. Hilux mai 22R-E, wato ɗan'uwan 22R mai lita 2.4 da aka yi wa injekta, ba ta bukatar kwamfuta. Akwai ɗan akwatin gwaji kusa da inji, a haɗa ramin TE1 da E1 da guntun waya, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, fitilar gargaɗi za ta riƙa ƙiftawa, adadin ƙiftawar shi ne lambar ciwon. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 kuwa duk suna da soket iri ɗaya da ƙaramar na'urar bincike ke karantawa, har da irin wadda ake haɗawa da wayar hannu. Rewaya mai mita da haƙuri zai gano mafi yawan matsalolin a zama ɗaya.

Abin da ba a gaya wa Alhaji ba ranar da aka ce ya huta shi ne, a injin da aka ƙera da injekta, ƙwaƙwalwa ba mai kaɗai take aunawa ba, galibi ita ke tsara lokacin da fulogi zai ba da wuta. In aka cire ta, sai an nemo distributa, wato mai raba wa fulogi wuta, irin ta da mai ja da iska, in ma injin yana da gurbinta, kuma da wuya saitinta ya yi daidai da wannan inji. Sai an sauya manifol, wato bututun da ke kai iska cikin silinda, ko a yi masa ƙira a Panteka, kuma ƙaramar kafa ɗaya da iska ke shiga ta jikinsa ta isa ta hana silo zama har abada. Famfon tanki yana turo mai da ƙarfin PSI 40 ko kusa da haka a ma'aunin matsi, kafireta kuwa abin da allurarta ke iya tarewa bai wuce 3 zuwa 6 ba. In ba a sauya famfon ko an sa abin rage ƙarfi ba, mai zai yi ta malala a kan inji mai zafi, kuma gobarar mota daga irin wannan take farawa. In giyar otomatik ce mai karɓar umarni daga ƙwaƙwalwa, ita ma ta rikice. A ƙarshe an biya kuɗi an sayi mota mai ƙarin sha, mai ƙarancin ja, wadda darajarta ta faɗi a kasuwa. Mai injekta ta asali, shawarata gare shi ɗaya ce: ya canza bakanike, kada ya canza tsarin.

Wanda ke da kafireta yana sha'awar injekta, nasa lissafin ya fi tsawo. Kafin komai a auna matsin silinda. Injin da ringinsa suka ci, yana hayaƙi shuɗi yana shan baƙin mai, babu ƙwaƙwalwar da za ta gyara shi. Bayan haka a tambaya, yaushe rabon da a yi wa kafiretar gyaran gaske? Ba wankin fetur da busa da baki ba. A sa sabuwar allura da gasket, a daidaita tsayin fulot, a duba ko sandar totur ta ci tana shigar da iska ta gefe, a tabbatar wani bai taɓa faɗaɗa jet da waya ba, don ana yi, kuma jet in ya faɗaɗa ba ya komawa. A mayar da matatar iska, wadda wasu ke cirewa wai don mota ta yi numfashi, alhali ƙurar hunturu tana shiga kai tsaye tana goge silinda. A saita wuta da fitilar saiti, ba da kunne kaɗai ba. A duba birki ko yana kamawa, a duba iskar taya. Sau da yawa rabin shan da ake kuka da shi a nan yake ɓoye, kuma kuɗin wannan aiki bai kama ƙafar kuɗin sauya tsari ba. A yi hattara da sababbin kafiretocin kwaikwayo masu araha. Tsohuwar ta asali da aka gyara da kyau takan fi su.

In an yi duk wannan har yanzu ana son injekta, sai a ɗauki biro. Mu ɗauka motarka tana jigilar bulo da siminti tsakanin Mando da Rigasa, tana ƙona lita 15 a rana, kwana 26 a wata. Mu ɗauka sauyin zai rage maka kashi 10 cikin ɗari, lita kuma naira 1,000. Lita ɗaya da rabi ke nan a rana, naira 39,000 a wata, 468,000 a shekara. Wannan kuɗi ne da zai iya biyan aikin cikin lokaci mai ma'ana. Amma motar gona da ke aiki tuƙuru wata uku na kaka sannan ta kwanta, da wannan lissafin naira 117,000 za ta tara a shekara, ga shi kuma ita ce mai nisa da rewaya, ita ce mai shan man galan, ita ce batirinta ke mutuwa saboda zama. Irin wannan mota a bar ta da kafiretarta.

Hanyoyin sauyin ma ba ɗaya ba ne. Akwai na'urorin da ake sayarwa a Amurka, irin su Holley Sniper, masu zama a gurbin kafireta da ƙwaƙwalwarsu a jiki. Suna aiki, amma in aka haɗa da famfo da bututu kuɗinsu yana kaiwa dala dubu ko fiye, yawancinsu an yi su ne don manyan injinan can, kuma ranar da wani abu ya ƙone a ciki sai an jira saƙo daga ƙetare. Ban ga hikimarsu ga motar neman abinci a Kaduna ba. Akwai ɗauko kayan ɗan'uwan inji, kamar a ɗora na 22R-E a kan 22R. Yana yiwuwa, amma ba manifol da nozul kaɗai ba ne. Sai da wayoyin gaba ɗaya, da ƙwaƙwalwar da ta dace da su, da ma'aunin iska, da distributa, da famfo, da bututun da ke jure matsi, da wanda ke mayar da rarar mai tanki, da gurbin sensa a salansa. Tsinto su ɗaya-ɗaya daga motoci daban-daban shi ke haifar da motar da ba wanda ya san kanta, wadda kowane rewaya zai buɗe ya ga wayoyi an ɗaɗɗaure da salatif ya mayar ya rufe. Ga mai 504 kuwa, ban ga dalilin taɓa tsarinta ba sam. Abin da zai fi amfanarsa shi ne a cire kwantak, ƙarafan da ke haɗa wuta suna yankewa a cikin distributa, a sa na'urar lantarki a gurbinsa, tashi ya yi sauƙi, saiti ya daina gocewa.

Akwai kuma iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya ke turawa tun 2023. Tana shiga lissafin, don duka tsarin biyu suna karɓarta: mai kafireta ana sa masa mahaɗi a bakin shigar iska, mai injekta ana ƙara masa nozul na gas da 'yar ƙwaƙwalwa ta biyu. Wanda burinsa rage kuɗin mai kawai, kuma zirga-zirgarsa tana kusa da inda ake cika gas, zai iya samun biyan bukata ta nan ba tare da ya taɓa kafiretarsa ba. Sai dai tukunyar tana da nauyi, tana cin wurin kaya a baya, ja yana ɗan raguwa, kuma gas ɗin yana zaune ne a matsin da ya kai PSI 3,000, don haka tukunyar da aka ƙera don wannan aiki kaɗai ake sawa, a wurin waɗanda aka horar.

Wanda ya yanke shawarar komawa injekta, hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce ya sayi inji sukutum, ɗan Beljiyam, daga mota guda. Ya tsaya a kan sai an ba shi wayoyin ba a yanke ba, da ƙwaƙwalwar wannan injin, da ma'aunin iskarsa, da akwatin fis. In sabon samfuri ne mai makullin tsaro, sai da makullin da na'urar da ke karanta shi, in ba haka ba injin ba zai tashi ba. A tayar da shi a gabansa kafin ya biya. A sauke tanki a wanke tsatsar shekaru kafin a sa sabon famfo, a sa matatar mai ta injekta mai jikin ƙarfe, ba 'yar robar kafireta ba. A ɗaura ƙwaƙwalwar a sama inda ruwan damina ba zai kai ta ba, don a tsofaffin Hilux ƙasa-ƙasa take zama wajen ƙafar fasinja. A bar tamostat a wurinsa. Sannan ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin, ya je a gyara takardun mota su dace da ita tun kafin a tare shi a hanya.